DARASIN RAYA KARKARA: Wutar Lantarki a Bakin Ruwa, Mu Gyara Kafin Ta Ci Rai

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi dukan ikkilisiyoyin da ke zaune kusa da gulbi, ko tafki, ko fadama, a yankin Diggi da sauran ƙauyukan Kalgo da Gwandu. Muna roƙon fastoci da masu bishara su karanta shi a gaban jama'a, a kuma tattauna shi a zumuntar mata da ta maza da ta matasa.

Manufar darasin ita ce mu gane cewa tsohuwar waya a bakin ruwa tana kisa ba tare da ta ba da sanarwa ba, kuma kula da ita hakki ne da Allah ya ɗora wa mai ita.

ABIN DA MUKA GANI

A dā babu abin da ya haɗa mashaya da lantarki. Wurin ɗaure kwalekwale ne, da wanki, da shayar da dabbobi, da wankan yara. Yanzu abin ya sake. Noman rani ya bunƙasa a fadamar Gulbin Rima, wanda ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, manoma da dama sun koma ga famfon sola da famfon nan da ake zurawa cikin ruwa, wanda muke kira sumo. Masu kiwon kifi suna ja da waya zuwa tafkunansu. A wasu mashayu akwai mai cajin waya da janaretansa, akwai mai firij, akwai ƙwai da ake kunnawa saboda masu sauke kaya da dare. Duk wannan ci gaba ne, mun gode wa Allah. Amma waya ta iso bakin ruwa, sanin yadda ake kula da ita bai iso tare da ita ba.

A wata ziyara da muka kai wani ƙauye, mata sun gaya mana cewa minjirya ta tare a mashayarsu. Duk wadda ta sa hannu a ruwa ta gefen gabas sai ta ji an fizge ta. Yara sun mai da abin wasa, suna gasar wanda zai fi daɗewa da ƙafa a ciki. Da muka tambaya ko da wane lokaci minjiryar take fitowa, sai aka ce da safe da kuma yamma. Lokacin kuwa shi ne daidai lokacin da wani manomi yake tayar da janaretansa domin ban-ruwa. Muka bi wayarsa, muka tarar an haɗa ta wuri uku da ledar burodi, mahaɗi ɗaya yana kwance cikin laka. Mutumin kirki ne, 'ya'yansa ma a nan suke wanka. Bai sani ba ne kawai. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

ME MAGANAR ALLAH TA KOYA MANA?

A buɗe Maimaitawar Shari'a 22:8 a karanta. A can Allah ya umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufin da katanga, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. A duba kuma Fitowa 21:33-34, inda aka ɗora biyan diyya a kan mutumin da ya bar rami a buɗe har dabbar wani ta faɗa. Mai gidan nan bai tura kowa ba, mai ramin ma bai yi nufin mugunta ba. Duk da haka Allah ya lasafta sakacinsu a matsayin laifi.

Sau da yawa idan hatsari ya faru mukan ce, haka Allah ya so. Gaskiya ne rai da mutuwa suna hannun Allah. Amma Allahn nan shi ne ya ba da dokar katanga. Saboda haka bangaskiya ba ta hana gyara. Wayar da ta ɓare a mashaya ita ce ramin da aka bari a buɗe a zamaninmu.

YADDA WUTA TAKE KISA CIKIN RUWA

Wutar da ke shiga gidajenmu a Nijeriya, da wadda ƙananan janareta suke bayarwa, tana da ƙarfin bolt 230 ko kusa da haka. Amma abin da ke yi wa mutum lahani shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa, ana kuwa auna ta da miliamfiya. Ga yadda abin yake:

Miliamfiya 1: mutum zai ji ɗan tsikari.
Miliamfiya 10 zuwa 15: tsoka takan ƙage, hannu ya kasa sakin abin da ya riƙe.
Miliamfiya 50 zuwa 100: bugun zuciya yana iya rikicewa, mutum ya mutu.

Don mu gane ƙanƙantar wannan, tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana jan kimanin miliamfiya 260. Wato wutar da ba ta isa ta kunna ƙwai ɗaya ba ta isa ta kashe ƙato.

A tudu, busasshiyar fata da takalmin roba suna ɗan rage wutar da ke shiga jiki. A cikin ruwa babu wannan kariya. Wanda yake iyo kuma ba ya bukatar wutar da za ta tsayar da zuciyarsa. Wadda za ta ƙage masa hannu da ƙafa ta isa, sai ya nutse shiru, ko ihu ba zai iya ba. Idan aka tsamo shi, sau da yawa ba a ganin ƙuna a jikinsa. Sai a ce ruwa ne ya ci shi, ko a ce mutanen ruwa ne, alhali gwanin iyo ne tun yana yaro. Wayar kuwa tana nan tana jiran na biyu.

Akwai wani abu kuma. Ruwan gulbi da na tafki sun fi ruwan teku hatsari a wannan fanni. Dalili shi ne jikin mutum yana da gishiri, wuta ta fi samun sauƙin bi ta cikinsa fiye da ta ruwan daɗi. Idan mutum ya shiga ruwan da wuta take yoyo a ciki, shi ne yake zama mata hanya.

Kada mu ce ai mun saba da minjirya. Minjirya tana bugu ne ta saki. Waya ba ta saki sai an kashe ta.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka mutane sukan gina dandamalin katako a bakin tafki domin ɗaure jiragensu, su ja masa wuta. A ranar 4 ga Yuli 2012, a wani babban tafki da ke jihar Mizuri, yara biyu 'yan gida ɗaya sun mutu suna iyo kusa da irin wannan dandamali, saboda wuta ta zubo cikin ruwa. Idan haka ta faru a ƙasar da take da masu duba wayoyi da dokoki, ina ga mu da muke haɗa waya da leda?

ABIN DA KE TSUFAR DA KAYANMU

Ba a sayen waya sau ɗaya a ce an gama. Zafin bazara yana busar da robar da ta rufe ta har ta tsattsage. Ɓeraye suna gaigayar ta. Shanu da amalanke suna taka ta. Fartanya tana sarar ta. Danshi yana sa tsatsa a mahaɗi. Turken icen da aka rataye ta a kai, gara tana cin sa daga ciki, waje kuwa yana nan kamar lafiyayye. Ambaliya kuma takan tone abin da aka binne, ta binne abin da aka rataye. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 da ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, sun san yadda ruwa yake sauya kamannin bakin gulbi cikin kwana kaɗan.

Haka abin yake ga ita kanta mashayar da jiragen da ke cikinta. Katakon da ake takawa a hau jirgi yana ruɓewa, ƙusoshi suna fita, gaɓa tana zaizayewa. Ba mu manta da ranar 26 ga Mayu 2021 ba, sa'ad da wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a Kogin Kwara kusa da Warrah, cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Kaɗan ne aka ceto. Hukumomi sun ce jirgin ya tsufa, an kuma yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Ba lantarki ne ya jawo wannan ba, amma darasin ɗaya ne: abin da ya tsufa yakan yi aiki jiya da shekaranjiya, ya ba da kai yau. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

DUBAWA SAU BIYU A SHEKARA

Muna ba da shawara kowace ikkilisiya da ke kusa da ruwa ta sa ranar dubawa sau biyu a shekara: kafin saukar damina, da kuma bayan ruwa ya janye, kafin a fara noman rani. A kashe wuta tukuna kafin a taɓa kome. Ga abin da za a duba:

1. A bi waya da ido da hannu daga inda ta taso har inda ta ƙare. Inda ta tsage, ko ta ƙone, ko jan ƙarfe ya fito, a canja wannan yanki. Leda da tsumma da robar taya ba maganin waya ba ne. Salatif ma ba ya hana ruwa shiga.

2. Kada mahaɗin waya ya kwanta a ƙasa ko cikin ruwa. Wayar sumo tana da irin nata kayan haɗi na musamman da ruwa ba ya shiga. Mai gyaran wuta da ya san aikinsa ne zai haɗa ta.

3. Siririyar wayar ɗaki ba ta bakin ruwa ba ce. A sayi mai kauri, mai riga biyu, wadda aka yi domin waje. Araha ba ta ado.

4. Soket da makunni su kasance a sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar ambaliya mafi girma, cikin akwati mai murfi. Tsofaffin gari sun san iyakar, a tambaye su.

5. Janareta ya zauna a tudu, a busasshen wuri, ƙarƙashin rumfar da iska take ratsawa. Kada a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu ko ana tsaye cikin laka.

6. Kowane famfo da akwatin ƙarfe yana bukatar wayar ƙasa, wadda ake ɗaurawa a sandar ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa. A duba ko tana nan, ko tsatsa ta cinye ta, ko an sace.

7. Masu sola su sani cewa farantan suna ba da wuta muddin rana tana haska su, ko da an kashe famfo. Idan an jera su da yawa, ƙarfin wutar yana iya wuce na gida. Kada yaro ya cire ko ya haɗa wayoyinsu.

8. A buga turaku da ƙotar gatari. Wanda ya yi amon fanko, gara ta gama da shi. A taka kowane katako, a duba ƙusoshi da igiyoyin ɗaure jirgi.

9. A raba wurare. Inda famfo yake dabam, inda ake wanka da wanki da shayar da dabbobi dabam, da tazara mai kyau. Sa'ad da famfo yake aiki, kada kowa ya shiga ruwan da ke kusa da shi.

Duk kayan wutar da ambaliya ta rufe, kada a kunna su don an ga sun bushe a waje. Laka da danshi suna nan a ciki. Sai mai gyara ya buɗe ya duba.

NA'URAR DA KE CETON RAI

Mutane da yawa suna cewa, ai akwai fis. Aikin fis shi ne ya kare waya daga ƙonewa. Fis ɗin da ke cikin fulogi yakan ɗauki amfiya 13, wato miliamfiya 13,000, bai yanke ba. Mun riga mun ga cewa 50 tana iya kashe mutum. Ashe mutum zai mutu fis yana nan lafiya lau.

Akwai wata ƙaramar na'ura da masu sayar da kayan wuta suka sani da sunan RCD ko ELCB. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Idan ta ga wata ta ɓace a hanya, wato tana yoyo cikin ruwa ko cikin jikin mutum, sai ta yanke wuta kafin ƙiftawar ido. A nemi wadda aka rubuta 30mA a jikinta. Kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ɗaya ba. Tana da ɗan maɓalli na gwaji. A danna shi kowane wata. Idan wuta ba ta ɗauke ba, na'urar ta mutu, a canja ta.

Abu biyu za mu kiyaye. Na ɗaya, a kan janareta ba ta aiki daidai sai an haɗa wayar ƙasa yadda ya kamata, don haka mai gyara ya haɗa ya kuma gwada a gabanku. Ba ta kuma kare wayoyin da suka taso daga farantan sola. Na biyu, idan ta yi ta yanke wuta, kada a ce ta cika fitina a cire ta. Gaya muku take yi akwai yoyo. A nemo inda yake.

IDAN HATSARI YA FARU

A koya wa kowane yaro da babba waɗannan:

Idan kana cikin ruwa ka ji tsikari ko fizga, kada ka ci gaba, kada ka kama ƙarfe ko bututun famfo. Ka juya ka koma ta inda ka fito, ka yi ihu a kashe wuta.

Idan ka ga wani ya ƙage cikin ruwa kusa da waya ko famfo, KADA KA FAƊA RUWAN. Mun san wannan magana tana da wuya, musamman ga uwa. Amma wutar da ta kama shi za ta kama ka, gawa ta zama biyu. A fara kashe janareta ko makunni. Saboda haka ya kamata kowa a mashaya ya san inda makunnin yake, kada kuma a kulle shi da kwaɗo. A jefa masa jarka marar kome mai murfi, ko a miƙa busasshiyar gora. Kada a yi amfani da ƙarfe ko jiƙaƙƙiyar igiya.

Bayan an fito da shi, idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri. A ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa numfashi a baki. Sa'an nan a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a danna da ƙarfi sau 30, da sauri kamar sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, a hura numfashi sau 2, a sake dannawa. A ci gaba har ya farfaɗo ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. Kada a ɓata lokaci wajen matsa masa ciki, kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja. Ko ya tashi ya ce ya warke, a kai shi asibiti, gama wuta tana iya taɓa zuciya ba a gani a waje ba.

Idan babbar wayar falwaya ce ta faɗi cikin ruwa ko gona, irin mai bolt 11,000 ko 33,000, kada kowa ya matsa kusa da ita ƙasa da mita 10, kada a taɓa ta ko da gora. A sa mutum ya tsare wurin daga nesa, a sanar da mai gari da ofishin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda yake kula da Jihar Kebbi. Kada a ce ai NEPA sun ɗauke wuta. Suna iya dawo da ita kowane lokaci.

WA ZAI YI?

Famfo na mutum ɗaya ne, amma ruwan na kowa ne. Don haka hakki na fari yana kan mai waya. Amma ikkilisiya ba za ta naɗe hannu ba. Muna ba da shawara a zaɓi mutum uku, namiji da mace da matashi, su zama masu dubawa. Su riƙe ɗan littafi, su rubuta ranar da suka duba, da abin da suka gani, da ranar da aka gyara. Mu fara da namu: rijiyar burtsatsen ikkilisiya, janaretan majami'a, da gonakin membobi. Wanda bai gyara tasa wayar ba, ba shi da bakin yi wa maƙwabci magana.

Sa'an nan dattawa su je wurin mai gari da Sarkin Ruwa cikin ladabi, a haɗa kai da maƙwabtanmu Musulmi, gama mashaya ɗaya muke sha, yaranmu kuma tare suke wanka. Idan kuɗin mai gyara ya fi ƙarfin mutum ɗaya, manoma biyar ko goma su haɗa kuɗi su ɗauko shi rana ɗaya ya zaga duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda aka ga laifi a wayarsa, a same shi a keɓe cikin ƙauna, kada a kunyata shi a bainar jama'a.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Wurare nawa ne a ƙauyenmu waya ta kusanci ruwa? A lissafta su da sunan masu su.
2. An taɓa jin fizga a ruwa, ko dabba ta mutu a mashaya ba a san dalili ba? Me aka ce a lokacin?
3. Bisa ga Fitowa 21:33-34, me ya kamata Kirista ya yi idan aka nuna masa lahani a kayansa?
4. Mutum nawa ne a cikinmu suka san inda ake kashe wutar famfon da ke kusa da mashaya?
5. Wace rana muka sa domin dubawa ta farko, su wa kuma za su yi?

Kada a tashi daga taron sai an amsa tambaya ta biyar. A rufe da addu'a domin masunta, da masu fito, da manoman rani, da iyalan da suka rasa nasu a ruwa.

Allah shi ba mu hikima mu riƙe amanar rayukan da ya sa a kewaye da mu. Amin.